Cinyar Ragon Bana

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Mun tashi da asuba, ni da maiɗakina da yara uku, muka ratsa Doso da Dogonduci da Ƙonni da Maraɗi da Tasawa, ba mu shiga gari ba sai bayan isha'i, saura kwana biyu Babbar Sallah. Kamar kullum na taho da tsaraba: atamfa ta Inna, shadda ta Kawu, takalman 'ya'yan 'yan'uwa. A aljihuna kuma akwai takardar da na jera sunayen waɗanda za a kai wa naman layya, manyan dangi a sama, sauran a ƙasa. Shekara takwas ke nan da rasuwar Baba, kuma takardar ba ta taɓa canzawa ba.

Washegari da hantsi ina zaune a zaure sai ga wani dattijo ya turo kurar ruwa, bido goma a kai. Ko sallama bai tsaya jiran amsarta ba, ya wuce cikin gida ya cika randunan Inna biyu, ya fito. Na sa hannu a aljihu zan biya, ya ce in bari, shi da Hajiya akwai lissafi. Da na tambayi Inna wane lissafi ne, sai ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce: "Kai dai kana aiko kuɗi, Allah ya yi maka albarka. Amma kuɗi ba su ɗaukar bido."

Duk ɗan Damagaram ya san zancen ruwa a garinmu. Gari ne da ke zaune a kan dutse, haƙa rijiya ba wasa ba ne, ruwan fanfo ma daga nesa ake jawo shi, daga wajen Gogo da Macaya da Arunguza. Tun muna yara ake ba mu labarin cewa ƙarancin ruwa yana cikin abin da ya sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Idan bazara ta yi tsanani, fanfon unguwarmu cikin Birni yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, kuɗin bido ya hau. A irin waɗannan kwanakin ne, in ji Inna, wannan bawan Allah yake fara kawo mata kafin ya sayar wa kowa, a tsohon kuɗi, in babu kuma ya ce sai an samu. Wata uku cur haka. Ni ina Yamai ina bugo waya ina tambaya ko lafiya, tana cewa lafiya lau.

Daga nan na ce ta faɗa mini sauran. Akwai yarinyar maƙwabta da ke kwana ɗakinta duk daren da ciwon ƙafa ya tashi. Akwai mai kanti a bakin layi da ke ba ta sukari da sabulu bashi, ba ya taɓa aiko yaro tambaya. Akwai almajirin da ke share mata tsakar gida. Ko ɗaya ba ya cikin takardata. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Ranar Sallah muka dawo daga idi, muka tsaya yara suka ga hawan Sarki a ƙofar fada, sannan aka yanka. A wajenmu ba a raba nama ran nan. Ana feɗe rago a ɗaure shi a jikin sanduna, a jingina kewaye da wuta a ƙofar gida, ya wuni yana gasuwa a hankali, sai washegari a raba. Ina son wannan al'ada, don tana ba mutum dare guda ya yi tunanin wa zai ba me. A daren nan, ina zaune gaban garwashi, na sake rubuta takardar.

Da safe na yanke cinya guda, wadda kullum take tafiya gidan wani babba da shi ma raguna uku ya yanka, na sa a kwano na rufe. Ban aiki yaro ba. Na riƙe hannun babban ɗana muka taka har gidan mai ruwan, ɗaki ɗaya da rumfa, kurarsa a jingine. Na durƙusa na gaishe shi, na ce: "Baba, ni ne ɗan Hajiya. Inna ta gaya mini abin da kuka yi mata da bazara. Na zo in ce na gode." Ya daɗe yana kallon kwanon bai buɗe ba. Abin da ya ce shi ne ai Hajiya uwa ce. Na biya abin da ya rage a lissafinsu, na ƙara na wata uku masu zuwa, sai da na matsa ƙwarai ya karɓa.

Mai kanti ya buɗe littafinsa, jika bakwai da 'yan kai, na biya. Maiɗakina ta ɗauki atamfar da ta saya wa kanta ta kai wa yarinyar maƙwabta, ta zauna da uwarta har azahar. Almajirin kuwa muka ci tare da shi a kwano ɗaya, yarana suka raka shi makaranta da nama na malaminsu.

Kawu bai ji daɗin canjin ba da farko, ya ce kada manya su ce mun raina su. Na ce masa kowa ya samu rabonsa, cinya ce kawai ta sauya gida. Ya yi ɗan tunani, ya ce to, shekara mai zuwa shi ma a nuna masa gidan.

Ranar da za mu koma, da asuba muna ɗaure kaya, na ji ƙarar kura a lungu. Ɗana ne ya riga kowa zuwa buɗe ƙofa, ya kama bido ɗaya da hannu biyu yana ja, dattijon yana ce masa sannu, a hankali, kada ya zube.