Godiya bayan makonni 25 na jinyar Damisa

Assalamu alaikum jama'a. Jiya aka yi wa karenmu Damisa allurar ƙarshe ta maganin sankara. Likita ya lalubi wuyansa da bayan gwiwoyinsa, ya ce babu sauran kumburi. Alhamdulillah.

Damisa shi ne karen da ke gadin gonarmu, shekara 7 ke nan. Farkon damina na ga kaluluwa ta fito masa a ƙarƙashin haɓa kamar ƙwan zabuwa, na ɗauka cizon kaska ne. Da aka zuƙi ruwan wurin aka auna, sai aka ce sankarar kaluluwa ce, wadda likitoci ke kira limfoma. Likita bai ɓoye mini komai ba: in an bar shi, da wuya ya wuce wata 2. In an yi magani, ciwon yakan kwanta kusan shekara guda, amma yawanci yana dawowa. Na ji, na ce a yi.

Likita, Allah ya saka maka da alheri. Kai da ɗalibanka da suka riƙa durƙusawa suna riƙe masa ƙafa duk ranar doxorubicin, jan maganin nan da ake sawa a jijiya sannu a hankali don kada ya zuba a nama ya ƙone shi. Ranar da gwajin jini ya nuna ƙwayoyin da ke yaƙar cuta sun yi ƙasa, ka ɗage allurar mako guda, hankalina ya tashi, kai ka zaunar da ni ka ce hakan ba baƙon abu ba ne.

Uwargida, ke kika riƙa ɓoye ƙwayar prednisone a cikin hanta, kika jure cika masa kasko da dare saboda ƙishirwar da maganin ke sa shi. Na gode.

Yaya, da ka ba ni aron motarka kowace Talata, ba ka taɓa cewa "kare ne fa" ba, alhali da yawa sun faɗa mini haka a fuska. Ni dai na san daren da ɓarayin awaki suka zo, shi ya tashe mu.

Gashin bakinsa ya zube, amma yana cin abinci sosai, ya koma kwana a bakin garke. Wata mai zuwa za mu koma a sake duba shi. A taya mu da addu'a.