Wuƙa da cokali mai yatsu, da maganar hannun dama

Salo biyu ne manya a wajen cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, kuma duka na gwada su tunda aiki ya fara haɗa ni da cin abincin dare da baƙi a otal. Na Turai shi ne cokali a hagu, yatsunsa na kallon ƙasa, wuƙa a dama, ka yanka ka kai baki da hagun nan, wuƙar ba ta barin hannunka. Yana da sauri, ba hayaniya. Na Amurka kuwa sai ka yanka loma ɗaya ko biyu, ka ɗora wuƙar a bakin faranti kaifinta na kallon ciki, ka dawo da cokalin dama yatsunsa sama sannan ka ci, in za ka sake yanka ka sake musanya hannu, haka dai har ka gama.

To ni fa inda gizo ke saƙar shi ne hagu. Tun muna yara aka karantar da mu a ambaci sunan Allah, a ci da dama, a ci abin da ke gabanka, hadisi ne a Bukhari da Muslim, kuma wallahi ko kaza ce ta ji haɗi in na ɗaga ta da hagu zuwa baki sai na ji zuciyata ba ta kwanta ba. Shi ya sa na Amurka ya fi min, ba wanda zai kalle ka don salo ne sananne. Na kuma gwada juyawa gaba ɗaya, wuƙa a hagu cokali a dama, kifi da dankali lafiya lau, amma nama mai tauri sai wuƙar ta riƙa zamewa don hagun ba ta da ƙarfin dannawa.

Abin da ya fi amfanata shi ne riƙon. Ƙotar wuƙa ta shige cikin tafin hannu, ɗan ali ya kwanta a bayanta, gwiwar hannu kusa da jiki, ka ja a hankali kada ka danna da ƙarfi faranti ya yi ƙara. Bakin wuƙar tebur ma ba tsini gare shi ba, tun 1669 Sarki Louis na 14 na Faransa ya hana wuƙaƙe masu tsini a tebur, shi ya sa take da daɗin turo shinkafa kan cokali. A Tailan ma cokali mai yatsun ne ke turawa, cokalin miya a dama shi ke zuwa baki, wannan kam ya burge ni sosai wajen shinkafa da miya.

In hutawa kawai kake yi ka bar wuƙar da cokalin a buɗe a kan faranti, in ka ƙoshi ka jera su wuri ɗaya gefe da gefe, mai hidima na gani zai zo ya ɗauke.