Hatimin da na ƙi saya a Bagadaza

Shekaranjiya da daddare muka sauka Kano, har yanzu ƙurar Bagadaza ba ta gama fita daga takalmina ba. Ziyarar Shehu Abdulƙadir Jilani ce ta kai mu, kuma mun yi ta lafiya, alhamdu lillahi. Amma abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan dutse ne da bai wuce gaɓar yatsa ba.

Mai masaukinmu, wani dattijo tsohon malamin makaranta a unguwar Babul Shaikh, shi ya nace sai mun je Gidan Tarihin Iraƙi, tsallaken kogin Dijla. Kwana huɗu bawan Allahn nan bai bari mun sa hannu a aljihu ba. Ranar da ya kai mu cin masguf, kifin da suke tsagawa su kafe a gefen wuta, na ciro kuɗi, sai ya ɓata rai kamar na zage shi. Muna karrama baƙo a Kano, amma na ga inda aka kere mu.

A gidan tarihin na wuce manyan gumakan Assuriya, na liƙe gaban wani akwatin gilashi. Duwatsu ne ƙanana, mulmulallu kamar guntun alli, kowanne da huda daga kai zuwa gindi don a zura zare a rataya. Hatimai ne. Namu na alƙalai da sarakuna dangwala shi ake yi, wannan kuwa mirgina shi ake yi a kan ɗanyen yumɓu, zanen ya fito a miƙe kamar aikin bakin riga. A Uruk, kudancin ƙasar, aka fara yin su wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa. Na ga wani na shuɗin dutsen lazaward, wanda tun daga Badakshan ta Afganistan ake ɗauko shi. Na ga wani baƙi wuluk, an zana mutum ana jan hannunsa zuwa gaban wani da ke zaune, ga sunan mai shi a gefe da rubutun nan mai kama da ƙusoshi. Duk a juye maƙerin ya sassaƙa, don ya fito daidai a yumɓu. Da shi mutum ke sa hannu a allon yumɓu na shaidar bashi, da shi yake rufe bakin tulu da ƙofar rumbu, in ya mutu sau da yawa a binne shi da abinsa.

A nan muryar dattijon ta canza. Ya ce a watan Afrilun 2003, da Amurka ta shigo, ɓarayi sun kwashi kaya kusan 15,000 daga ginin nan, wajen 5,000 daga ciki irin waɗannan hatiman ne, don ana iya cika aljihu da su a fice. Sai 2015 aka sake buɗe wurin ga jama'a.

Washegari, a wani shagon tsofaffin kaya kusa da dandalin Maidan, na ga kwaikwayonsu a faranti. Mai shagon ya sa dinari 15,000, na taya 5,000, muka daidaita a 8,000 har da rasit. Larabawan nan sun iya ciniki, amma ba su fi 'yan Kurmi ba. Ina shirin fita ya riƙe hannuna, ya warware wani ƙyalle. "Hajji, wannan na gaske ne. A Landan masu tara irinsa dubbai suke biya, kai kawo dala 400." Kafin in yi magana ya sauko 150.

Ba zan ɓoye ba, ya shiga raina. Sanyinsa a tafin hannu daban ne. Dattijon ya raɗa mini cewa yawancinsu jabu ne, in kuma na gaske ne to da dare aka tone shi daga wani tsohon tudu, kuma dokar ƙasar ɗauri take yi a kai. Ni kuwa gumakan Nok na tuna, yadda aka riƙa haƙe su a kudancin Kaduna ana lodawa Turai, mu aka bar mu da ramuka. Na mayar masa da abinsa.

Rasit ɗin nan ya cece ni. A wani shingen bincike kan hanyar kudu, wani jami'i ya zazzage jakata a ƙasa, ya ɗaga ɗan kwaikwayon yana daka mini tsawa, ko sallamata bai amsa ba. Sai da ya juya takardar sau uku kafin ya wurgo mini kayana.

Mun leƙa kangon tsohon birnin Babila, inda ƙofar birnin mai suna Ishtar da ke tsaye ita ma kwaikwayo ce, ta ainihin tana Balin. Daga nan Najaf, sai jirgi. Yau da safe na tarar da autata ta kwaɓa ƙasa a tsakar gida, tana mirgina hatimin tana ƙirga zakunan da ke fitowa.