Man shafawa da hunturun Kano

Duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san abin da iskar nan take yi wa fata daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙafa ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso har ta riƙa kama zanin gado. Ni dama fatata mai bushewa ce, ga koyarwa da alli kullum, don haka bara na ce sai na gano wanda ya karɓe ni cikin mayukan da ke jere a kemis.

Na fara da loshan, irin mai ruwa-ruwa na kwalba mai famfo. Ga ƙamshi, ga saurin shiga jiki, amma kafin azahar kamar ban shafa komai ba. Da damina ya wadatar. Da hunturu kuwa ruwansa ya fi maiƙonsa yawa, iska ce take shanyewa.

Wani dattijo mai kemis a unguwarmu ne ya ce mini, "Hajiya, ki bar kallon gaban kwalba, juya bayanta ki karanta." Daga nan na gane ba aiki ɗaya mayukan suke yi ba. Gilasarin jawo ruwa yake ya riƙe a fata. Basilin ba ya ƙara ruwa ko ɗigo, rufe fatar yake yi don kada wanda ke ciki ya fita. Shi kuma sinadarin ceramide, da ake tallata man CeraVe da shi, wani maiƙo ne da dama fata take da irinsa, wanda sabulu da ruwan zafi suke ragewa.

CeraVe na roba mai kauri ya yi wa fuskata daɗi: babu turare, ba ya sa ƙyalli, hoda tana zama a kansa. Cetaphil ma kusan haka. Sai dai kayan waje ne, farashinsu dala yake bi, mai albashin malanta ba za ta shafe jiki da su tun daga wuya har ƙafa ba. Nivea mai shuɗin gwangwani, da aka fara yi a Jamus tun 1911, na bar wa hannu da gwiwa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Vaseline, basilin ɗin nan da muka raina saboda araha. In kika shafa shi a busasshen jiki, sheƙi kawai za ki yi, ƙurar titi ta bi ta manne miki. Amma fito daga wanka, ki ɗan tsane jiki da tawul, tun da sauran danshi ki murza kaɗan a tafin hannu ki bi jikin da shi, sai ki wuni fata tana laushi. Haka man kaɗanya, wanda Hajiyarmu take aikowa a sayo mata a Kurmi tana yi mana dariyar sayen na kwalba. Gaskiyarta, in dai za ki iya da warinsa.

Abin da ba a rubuta a jikin kowace kwalba ba shi ne alwala. Sau biyar a rana hannu da fuska da ƙafa suna shan ruwa, kome tsadar man da kika shafa da safe ya tafi. Yanzu ƙaramin gwangwani ba ya barin jakata, ina idar da sallah nake ɗan shafawa. Faso kuwa sai da na samu kirim mai sinadarin urea, na shafa da daddare na sa safa, sannan ya haɗe.

A Sabon Gari wani mai shago ya miƙo mini haɗi a roba ba suna ba komai, wai "Anti, wannan har haske yake sa wa." Na ajiye masa abinsa. Irin wannan hasken sau da yawa sinadarin bilicin na hydroquinone ne ko maganin steroid, masu sa fata ta yi siriri ta ƙone a rana. Duk abin da zan saya sai na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, in na ga arahar ta yi yawa a kan mai na waje kuma, na san da walakin.