Daga Talata zuwa Talata

Mu bakwai ne a gidanmu da ke Badarawa: ni da maigida, yara huɗu, da ƙanwarsa da ke karatu a nan Kaduna. A da, kullum da safe zai ajiye mini kuɗin cefane kafin ya fita, ni kuma in aiki yaro shagon bakin layi ya sayo man gyaɗa a ƙulli, shinkafa gwangwani huɗu, dunƙule, da kashin tumatur ɗaya. Haka muka yi shekaru ba wanda ya damu. Sai da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi bayansa, sannan na gane sayen ƙulli-ƙullin nan ne ke cinye mu. Kuɗin da ke ɗora tukunya biyu ya koma da ƙyar yake ɗora ɗaya.

Wata rana da daddare na ce masa, "Malam, ka riƙa haɗa mini na sati gaba ɗaya, in je kasuwa da kaina." Ya dube ni ya ce, "Kin tabbata ba za ki ce ya ƙare ran Juma'a ba?" Ai kuwa ran Juma'ar ya ƙare. Ganin kuɗi a dunƙule ya ruɗe ni, na sayi kaza, na sayi taliya rabin katan, na manta da kuɗin niƙa da na gawayi. Kwana uku muna cin taliya da manja, kunya ta ishe ni.

Tun daga nan nake raba kuɗin kafin in sa mayafi. Na niƙa, gawayi da ruwa nakan ware su in saka a wani gwangwanin madara, ba sa bi na kasuwa. Sauran kuma hatsi ne farko, sai mai, sai kayan miya. Nama shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ƙashi nake saya ko busasshen kifi, don ɗanɗanon miya. Satina yana farawa ne ran Talata, saboda ranar kasuwar Kawo ke ci, mutanen ƙauye su shigo da masara, dawa da wake. Ina zuwa da mudun gida a jaka. Na taɓa sayen wake mudu biyar, na dawo na sake aunawa na tarar huɗu da ɗan kai, ashe gindin mudun mai awon a lotse yake. Yanzu in mai awo ya ce, "Haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?" sai in ce, "Na yarda, Baba, amma auna mini da wannan."

Abin da ya fi rufa mini asiri shi ne wake da waken suya. Ni a ganina yaro ya ƙoshi da shinkafa fara zalla ba ƙoshi ba ne, kafin la'asar zai dawo yana zagaya kicin. Amma in na yi ɗanwake da safe, ko na jiƙa waken suya mudu ɗaya na yi awara, to an samu abin da ke gina jiki, an kuma samu na sakawa a kwanon makaranta har kwana biyu. Shinkafa sau biyu kawai muke ci a sati, ita ma da wake a ciki. Dare kuwa tuwon masara ne, miya ce ke sauyawa: yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi taushe in kabewa ta samu. Ran Asabar faten tsaki da rama da gyaɗa, tukunya guda ta wadatar da kowa har maƙwabta su samu. Yarana da farko sun yi ta tura baki, yanzu ƙaramar ce ke tambaya, "Mama, yaushe za a yi fate?"

Tumatur yana da lokacinsa, kuma wanda bai bi lokacin ba zai sha wuya. Da sanyi, daga Janairu zuwa Maris, kayan lambu na noman rani suna cika kasuwar Bakin Dogo. A lokacin nakan ɗan tsakuri kuɗin sati uku, mu haɗa da maƙwabciyata mu sayi kwando guda, mu yanka mu shanya a kan tabarma, iskar hunturu ta busar da shi ya zama kauɗa. Tattasai ma haka. In damina ta kama, tumatur ya yi tsada, ni dai sai in jiƙa kauɗata in kai markaɗe. Ban manta 2016 ba, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatur a jihar nan, har miyar dage-dage ta gagari gidaje da yawa.

Ajiya ma sai da na sha kashi na koya. Da kaka na sayi wake da yawa don yana araha, na bar shi a buhu a lungun ɗaki. Bayan wata biyu na buɗe, sai ƙwari da gari. Na zauna a gaban buhun nan kamar in yi kuka. Yanzu nakan shanya shi ya bushe ƙarau, in ɗura a jarka mai murfi har wuya, in toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba.

Ba kowane sati ne lissafi ke fita ba. In baƙi suka zo daga Zariya, ko yaro ya kwanta aka taɓa kuɗin don magani, to Litinin kan zo mana da kunu da ƙuli-ƙuli. Amma a bayan ɗaki na shuka zogale, ga alayyahu da yakuwa a tsofaffin bokitai uku, ruwan wanke shinkafa nake zuba musu. Jiya Litinin, ɗari uku ce ta rage a gwangwanin madara. Na tsinko zogale na dafa, na daka ƙuli da albasa da yaji na yi kwaɗo, aka ci da sauran tuwon da na ɗumama.