Albasar da Baba ya ture gefe

Tun da lokotoro ya ce Baba na da ciwon sukari, kowane kwano a gidanmu sai an yi masa shari'a. Ranar Alhamis na dawo daga kasuwar Dole da albasa 'yar Galmi, na soya ta har ta yi ja, na zuba bisa dafaffen dankalin turawa. Baba ya ɗanɗana, ya sa cokali ya ture albasar gefe.

"'Yar nan, wannan ai sukari ce zalla. So kike ki ƙarasa ni?"

Dankalin kuwa ya cinye shi tas, har da neman ƙari.

Harshensa bai yi ƙarya ba. A giram 100 na ɗanyar albasa akwai sukari wajen giram 4, na dankalin turawa ko giram 1 bai cika ba. In aka soya albasa ruwanta ya ƙone, yajin ya tafi, sai zaƙin ya fito fili. Sai dai albasa kusan ba ta da sitaci, shi kuwa dankali rumbun sitaci ne, wajen giram 15 a cikin 100. Kuma sitaci ba wani abu ba ne illa sukari da aka ɗaure kamar 'ya'yan tasbaha. Tun daga yawun baki jiki ke fara tsinka zaren, kafin a jima ya shiga jini. Baki bai ji zaƙi ba, amma na'urar gwajin da ke ƙarƙashin matashin Baba tana gani.

Na san tsohon, surutu ba ya kama shi. Sai na ɗauko kwalbar Bétadine da muke sa wa yara a rauni, na yanka dankali da albasa, na ɗiga wa kowanne. Nan take dankalin ya yi baƙi-baƙi kamar an tsoma shi a marina. Albasar ko gezau, launin maganin kawai ya zauna mata.

"Baba, baƙin nan shi ne sitacin."

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To, ashe mugun shiru-shiru ne."

Ni ma a nan na gane wani laifina. Saboda zafin Damagaram nakan jefa dankali a firigo, alhali sanyi na juya sitacinsa ya koma sukari. Shi ya sa soyayyen dankalina ke yin duhu tun cikinsa bai nuna ba, ni kuma ina ta zargin mai.

Ba mu kori dankali daga gida ba, Baba ba zai yarda ba ma. An dai rage masa, ƙanana biyu, sauran kwanon zogale da wake su cika. Albasar kuma ta dawo. Jiya da dare har cewa ya yi in ƙara masa, wai ta shekaranjiya ba ta soyu ba.