Godiya Bayan Abin Da Ya Same Mu A Arromanches

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, an sallami Auta daga asibiti a Caen da ke Faransa, bayan ruwan teku ya rutsa da shi a Arromanches, jiya da daddare muka iso gida. Yana cin abinci, tarin ya ragu, likita ta ce huhun ya washe, sai dai a kiyaye shi da sanyi. Duk kun bi labarin tun daga ranar, ba sai na maimaita ba, ƙarfin maimaitawar ma babu. Jikina kamar an daka ni a turmi.

Da yawa kun tambaya me ya kai yaro cikin teku. Wanda bai ga gaɓar Normandi, a arewacin Faransa, ba ba zai gane ba. Sau biyu a wuni ruwan yake janyewa, ya bar rairayi shimfiɗe har ka ɗauka ya tafi ke nan. A Arromanches akwai ragowar tashar jiragen ruwan da aka ƙera a Ingila aka jawo ta kan teku bayan saukar sojojin ƙawance ranar 6 ga Yunin 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Idan ruwa ya ja, wasu daga cikin manyan tubalan kankaren suna zaune a kan rairayi, yara da manya suna zuwa su taɓa. Dawowar ruwan kuwa ba ta gaba take fara zuwa ba, ta kwaruruka yake zagayowa ya tare bayan mutum. Abin da ya faru ke nan.

Godiyata ta farko bayan Allah ga masu ceto na SNSM, ƙungiyar ceto a teku ta Faransa. Sai daga baya na ji cewa 'yan sa-kai ne, kowa da sana'arsa, kuma da gudummawar jama'a ƙungiyar take tafiya. Saurayin da ya ɗauko min ɗana a kafaɗa ko sunansa ban samu ji ba. Allah Ya saka masa, Ya tsare shi a duk fitar da zai yi. Sai mutumin Holan na tantin da ke gefen namu, wanda ya buga 196 tun ina tsaye bakina ya kasa furta komai. Lambar ceto a teku ke nan a Faransa, ku ajiye ta a waya.

Amma wadda ta tsaya min a rai wata tsohuwa ce, mai gonar da muka kafa tanti a cikinta a wajen Bayeux, tsakanin itatuwan tuffa da shanu. Tun zuwanmu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai madara da take aiko wa yara da safe. Motar asibiti mutum ɗaya ta ɗauka, maigida ya bi su, aka bar ni da 'yan mata biyu suna kuka. Ina zaune a bakin tanti da jiƙaƙƙen zane, sai ga ta da sanda da bargo. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwashe mu zuwa kicin ɗinta, ta kunna wuta, ta ɗora miya, kuma kafin ta zuba sai da ta nuna min tukunyar ta ce babu alade, babu giya. Da ta ga ina waige-waige, ta gane salla nake son yi. Ta janye tebur, ta shimfiɗa min tawul mai tsabta, ta tsaya a bakin ƙofa ta hana karenta shigowa har na idar. A sujadar nan na yi kukan da na kasa yi a bakin ruwa.

Daren nan ba ta kwanta ba. Ta zauna kusa da wayata tana ba ni labarin lokacin yaƙi, tana ƙarama, yadda uwarta ta ɓoye su a rami ana ruwan bama-bamai a kan Caen. Mu da muka zo kallon tarihi mun zaga maƙabartar Amurkawa a Colleville mai kaburbura sama da 9,300, mun ga ta Jamusawa a La Cambe mai sama da 21,000, mun ga ramukan bam a Pointe du Hoc da ciyawa ta rufe. Sai a kicin ɗin nan na ji zancen mutanen garin su kansu, farar hula kusan 20,000 da suka mutu a yaƙin Normandi. Da asuba maigida ya kira ya ce yaro ya buɗe ido ya nemi ruwa, tsohuwar nan ta riga ni fashewa da kuka. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa ta gama da duniya lafiya, Ya nuna mata alheri a kan jikokinta.

Yaya Babba ta hana ni ambatonta, to ki yi haƙuri Yaya, sai na faɗa. Ta bar aikinta, ta hau jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare ta Paris da kular tuwo da miyar kuka a cinya, ta karɓe ni kwana a asibiti. Kawu na Maraɗi ya sa an yi sauka. Inna ta yi sadakar waina a ƙofar gida, tana kira tana faɗa tana addu'a duk a numfashi ɗaya. Matan ƙungiyarmu ta 'yan Nijar kun haɗa kuɗin mai da na masauki ba tare da na roƙa ba. Ma'aikatan jinya na ɗakin yara, musamman ta dare da ke kawo min shayi, Allah Ya biya ku. Allah Ya raya muku zuriya, Ya tsare ku daga ganin irin wannan rana, Ya sa kada ku taɓa tsayawa a bakin ruwa kuna kiran sunan ɗanku. Amin ya Rabbi.

Akwai kuma waɗanda tsakaninsu da Caen tafiyar awa biyu ce a jirgi, abin da ya iso mana daga gare su saƙon murya ne cewa me ya kai mu kwana a jeji da yara alhali muna da gida. Mun ji, mun gode. Maigida ne ya so yaran su ga inda aka yi yaƙin da kakansa ya shiga a rundunar Faransa, ko da yake su sojojinmu na Afirka ta kudu suka sauka, a Provence, cikin Agustan 1944. Ban ga laifi a wannan ba har gobe.

Masu son zuwa dubiya, don Allah bayan la'asar, da safe barci yake yi. Tantinmu da tukwane suna can a rumbun tsohuwar, ta ce babu gaggawa. Idan akwai mai bi ta Bayeux da mota kafin sanyi ya shigo, ya yi min magana, ina da atamfa da zan ba shi ya kai mata.